Darasi na 9: Tsilar Alade da Ciwon Farfaɗiya

Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa, sai ka ji ana cewa iska ce ta buge shi. Alhali ciwon a ƙwaƙwalwa yake, kuma cikin abubuwan da ke kawo shi akwai tsilar alade.

Tsilar tana zama a hanjin wanda ya ci naman alade da bai dahu ba, tsawonta kan wuce mita 2. Ƙwayayenta suna fita cikin bayan gida, dubbai, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya haɗiye su, ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwan sha, ko latas da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata, to za su ƙyanƙyashe a cikinsa, su bi jini, su sauka a tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa. Can sukan zama ƙullutu mai ruwa, kamar ƙwayar wake. Suna iya shekaru shiru. Sai sun fara mutuwa wurin ke kumbura, farfaɗiya ta taso.

A nan ne da yawa ke sakin jiki, su ce, “Ai ni ba na cin alade.” Nama tsilar hanji kawai yake kawowa, ta ƙwaƙwalwa daga kashin mutum take zuwa. A 1992 likitoci sun ba da labarin cutar a gidajen wasu Yahudawan birnin New York, mutanen da ba sa kusantar alade, kuma bincike ya kai ga masu yi musu aikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da cutar ta yi yawa, ita ke kawo kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Masai da sabulu dai su ne katangar farko.

Hoton ƙwaƙwalwa ne ke nuna cutar. Likita kan ba da albendazole ko praziquantel tare da maganin kumburi da na farfaɗiya. Kada a saye su a kemis a sha da ka, domin kumburin na iya tsananta.

Mai farfaɗiya in ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe. Ba a cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya harbin kowa. In ta wuce minti 5, sai asibiti.

Aikin aji: Ina ruwan da ake yi wa lambun garinku ban ruwa yake fitowa? Rubuta amsa cikin jimla 2.