Yadda ake koyon jan ƙwallo da yanka

Abin da ke kayar da yawancin masu koyo shi ne gaggawar yanke mutum tun ƙwallo ba ta saba da ƙafarsu ba. Yanka daga baya yake zuwa. Sai ka iya tafiya da ƙwallo tana manne da kai tukuna.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙwallo ɗaya, robobin ruwa 6 da aka cika da yashi, da fili mai tsawon taku 20. Babba ya ɗauki ƙwallo mai lamba 5, mai nauyin giram 410 zuwa 450. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 a ba shi lamba 4. Filayen unguwa a Jos ƙasa ce mai tauri da tsakuwa, musamman da hunturu, don haka kada a banka wa ƙwallon iska ta yi tam, tsalle za ta riƙa yi tana guje maka. Danna ta da manyan yatsun hannu biyu, in ta ɗan loɓa ta yi daidai. A irin wannan ƙasa kambas ya fi takalmi mai dogayen ƙusoshi, wanda ke zamewa yana gurɗe idon sawu.

Fara da taɓi. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka tsaya a kan gaban tafin ƙafa, diddige a ɗage. Karkatar da ƙafar ciki kaɗan, yatsu na kallon ƙasa, ka riƙa tura ƙwallon da saman ƙafa ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Kowane taku na wannan ƙafa, taɓi ɗaya. Kada ƙwallon ta yi maka nisan da ya wuce taku guda. In tana tsere maka, dukanta kake yi maimakon turawa, ko kuma da tsinin takalmi kake taɓa ta. Je ka dawo sau 10 da dama, sau 10 da hagu. Hagun za ta ba ka haushi har ka ji kamar ka bar ta. Kada ka bari, domin ɗan baya mai wayo cikin minti 5 yake gane mai ƙafa ɗaya, daga nan ya toshe masa wannan gefen shi ke nan.

Sai robobi. Jera su a layi, taku 2 tsakanin kowace. Ratsa su da cikin ƙafa kawai, ka dawo da wajen ƙafa kawai, sannan ka haɗa: ciki, waje, ciki, waje da ƙafa guda. Ranar da ka wuce sau 5 a jere ba ka ture ko ɗaya ba, rage tazarar zuwa taku 1. Wanda ke yawan ture roba, galibi a miƙe yake ƙiƙam. Sunkuyar da ƙugu kaɗan ka buɗe hannuwa.

Matsalar ido ita ce ta fi wuyar magani. Mai koyo kansa a ƙasa yake, bai san wa ke gabansa ba sai sun yi karo. Sa abokinka ya tsaya a ƙarshen layin yana ɗaga yatsu, kai kuma kana faɗar adadinsu da ƙarfi kana ja. Taɓi biyu, ɗaga kai, taɓi biyu, ɗaga kai.

Yanzu ne za a yi maganar yanka. Mafi sauƙi shi ne yaudarar kafaɗa. Tunkari mutum kai tsaye, ba da gudu sosai ba. In saura taku 2 tsakaninku, taka ƙafar hagu da ƙarfi zuwa hagu, ka sauke kafaɗar kamar can za ka bi. Da ya jingina nauyinsa can, ɗauke ƙwallon da wajen ƙafar dama ka fita dama. In ka fara daga nesa zai sami lokacin gyara tsayuwa. In ka matso da yawa ƙafa kawai zai miƙo ya ƙwace. Sannan taku 3 na farko bayan yankan da cikakken gudu ake yin su, jikinka tsakaninsa da ƙwallon. Nan mutane ke sakaci, su yanke mutum su tsaya jiran tafi, ya dawo ya same su. Dubi ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018: da sauya gudu ya bar ɗan bayan, ya kauce wa mai tsaron gida, ba wani rawar ƙafa.

Roba ba ta miƙo ƙafa, saboda haka a rufe atisaye da mutum da mutum. Shata fili taku 10 faɗi, 15 tsawo, kowa ya yi ƙoƙarin tsallake layin ɗan'uwansa da ƙwallo a ƙafa, a riƙa sauyawa duk minti 1. Minti 30 a rana, sau 4 a mako, ya fi awa 3 ranar Lahadi kaɗai amfani. Da sanyin safiyar Jos kuwa, a yi sassarfa ta minti 5 zuwa 10 kafin a taɓa ƙwallo, don tsokar bayan cinya da ba ta yi ɗumi ba ita ke fara tsinkewa wajen fizgar gudu.