Idan jini ya zuba a kwakwalwar dan uwanka, ga yadda zaka bi da maganar magani

Abu na farko don Allah, duk wanda ya yanke jiki ya fadi, baki ya karkace ko barin jiki ya saki, ko ya rike kai yana cewa bai taba jin ciwon kai irin wannan ba, kar a bashi asfirin. Mutane sun saba jin cewa asfirin na taimakon mai shanyewar barin jiki, eh yana taimako amma ga wanda jijiyar jini ta kwakwalwarsa ta toshe ne, shi kuwa wanda jijiya ta fashe masa asfirin kara tsinka jinin zai yi zubar ta karu. Kuma da ido ba'a gane wanne ne, ko likita sai yayi hoton kai na CT. Saboda haka a nufi asibitin da ke da na'urar kawai, kar a tsaya kemis.

Kar a dura masa komai ta baki, ko ruwa ko kunu ko rubutu, sai nas ta gwada ko yana iya hadiya, in ba haka ba huhu abin zai wuce. Ayi masa addu'a a shafa masa, ya wadatar.

Kafin ku fita kwashe duk magungunan da yake sha ka zuba a leda ka tafi dasu. Idan yana shan wafarin, wato maganin tsinka jini, likita zai bashi bitamin K ta jijiya tare da sinadarin daskarar da jini don a warware aikinsa, kuma a nan minti daya ma yana da daraja.

Hawan jinin kuwa likitoci ne zasu sauke shi da allura irin labetalol, yawanci ana neman lambar sama ta awon hawan jini ta dawo wajen 140 ta zauna a nan, ba tayi ta hawa da sauka ba. Kai dai kar ka kara masa kwayar hawan jini ta gida a boye wai kana taimako, in awon jinin ya sauka da yawa kwakwalwar ce zata rasa jini.

To yanzu ga inda nafi so a saurare ni. Idan likita yace jinin a karkashin fatar da ta lullube kwakwalwa ya zuba, wanda galibi wani kullutu ne a jikin jijiya ke fashewa, akwai magani mai suna nimodifin. Ana bada miligiram 60 duk bayan awa 4 har kwana 21, ana so a fara cikin kwana 4 na farko. Dalili shine daga wajen kwana na 3 zuwa na 14 jijiyoyin kai kan tsuke saboda jinin da ya kwanta a kansu, sai kaga mutumin da ya fara magana yana cin abinci ya sake rikicewa, kuma a wannan lokacin ne 'yan uwa ke sakin jiki suna cewa ai ya samu sauki a sallame mu. Duk awa 4 din nan har da tsakar dare ne fa, ka saka alam a waya, ka samu takarda kana rubuta lokacin da aka bashi, in kaga lokaci ya wuce ka tuna wa nas cikin ladabi. In maganin na sauke masa awon jini sosai likita kan raba shi 30 duk awa 2, ba kai zaka tsayar ba. Kuma ka sayi na gaba tun na hannu bai kare ba don ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Zazzabi da hawan suga duk suna kara lalata kwakwalwar da ta ji rauni, da kaji jikinsa da zafi ka fada a bashi farasitamol. Kumburin kwakwalwa kuwa wani ruwan magani mai suna manitol ake sawa ta jijiya ko ruwan gishiri mai karfi na asibiti, maganin kumburi na deksametason baya amfani a nan. Maganin farfadiya kuma galibi sai in yayi jijjiga, in yayi ka duba agogo ka fadawa likita minti nawa ta dauka.