Yadda ake sabunta manhajar motar Tesla ba tare da zuwa gareji ba

Tun 2012 kamfanin Tesla yake aika wa motocinsa masu amfani da lantarki sabuwar manhaja ta intanet. Abin ya wuce sauya launin allo: a 2018 da mujallar Consumer Reports ta Amurka ta koka cewa birkin Tesla ƙirar Model 3 yana jan nisa kafin ya tsayar da mota, ta wannan hanya aka gyara shi, babu bakaniken da ya ɗauki sufana.

Da farko ka haɗa motar da Wi-Fi. In na gida bai kai inda kake ajiye ta ba, ka raba mata intanet daga wayarka, amma ka tabbatar kana da isasshiyar data, don manhajar tana da nauyi. Sai ka shiga Controls a allo, ka taɓa Software, ka ga ko akwai sabuwa.

Aikin kashi biyu ne, kuma a nan mutane suke rikicewa. Saukewa daban, ɗorawa daban. Lokacin saukewa kana iya tuƙa motarka, illa dai in Wi-Fi ya yanke abin zai dakata har ka dawo. Da ya kammala, alamar agogo za ta fito a saman allo. Taɓa ta, ka zaɓi ɗorawa nan take ko ka sa mata lokaci.

Ni dai shawarata ka sa tsakar dare. Da zarar ɗorawa ta fara, mota ba ta motsi sai an gama, wajen rabin awa, wani lokaci fiye. Wanda ya danna saura minti goma a tashi yara daga makaranta, sai ya nemi ɗan sahu. Giya ta kasance a P, ka kashe tsarin da ke barin na'urar sanyaya mota a kunne, don yana hana aikin farawa. In tana caji, cajin zai tsaya ya ci gaba da kansa daga baya. Allo zai mutu, fitilu su yi ta ƙyaftawa. Kada ka tsorata.

Da safe ka karanta bayanin sauye-sauyen da zai bayyana a allo kafin ka hau titi, domin wani maɓallin yakan sauya wuri, kuma ba a komawa tsohuwar manhaja. In allon ya daskare, tsaya a wuri ɗaya, ka danne ƙananan ƙwallayen nan biyu na jikin sitiyari tare har ya ɗauke ya dawo.