Kurakuran da Ke Cinye Kuɗin Mai Yawon Buɗe Ido a Turai da Asiya

Da zarar hutu ya gabato wayata ba ta hutawa. Wannan ya ce an hana shi biza, wancan ya ce an juyo da shi daga filin jirgi, wata kuma ta bugo daga Faris tana kuka an zare mata jaka a jirgin ƙasa. Ramin da ake faɗawa ɗaya ne kowace shekara, ni kuwa bakina ya gaji da maimaici. Bari in zube su nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa. Akasarinsu ni ma na tafka su, jiki magayi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne tikiti biyu. Zan je Kuala Lumpur, na zauna da waya cikin dare ina ta lalube, sai na ga in na sayi Abuja zuwa Istanbul daban, na sayi Istanbul zuwa Maleshiya daban a wani kamfani, zan yi rarar kuɗi mai ɗan kauri. Na biya, har ina yi wa abokaina kurin na fi ejan wayo. Ranar tafiya na tura akwatina kan sikeli, yarinyar da ke kanta ta karɓi fasfo ta buɗe shafi-shafi, ta koma farko ta sake buɗewa, sannan ta ɗago ta ce, "Alhaji, ina bizar Turkiyya?" Na ce ai wucewa kawai zan yi. Ta juyo mini takardar da na buga da hannuna, ta ɗora farce a kan haruffa ukun da ke nuna sunan filin jirgi. Jirgina zai sauka a babban filin Istanbul da ke ɓangaren Turai, na biyun kuma zai tashi daga Sabiha Gökçen, can tsallaken ruwa a ɓangaren Asiya, tafiyar fiye da sa'a guda a mota. Ke nan dole in shiga ƙasa, kuma ba a shiga sai da biza. Ko da ma filin ɗaya ne, a wurin kamfaninsu tafiyata ta ƙare a Istanbul, akwatina ma a nan za a sauke shi. Na yi magiya, na kira manaja, na yi fushi, na dawo na yi lallashi. Jirgi ya tashi ina tsaye. Tikiti biyu suka ƙone, kuɗin otal na kwana uku ya bi su, na koma masauki a tasi ɗin da ta kawo ni. Garin neman gira na rasa ido.

Ga yadda abin yake. In tikitinka guda ne, lamba ɗaya, daga gida har inda za ka, kayanka na wucewa kai tsaye, kuma in jirgin farko ya yi latti ka rasa na biyu, alhakin kamfani ne ya sa ka a wani. In ka raba, babu ruwan kowa da kai. Haka in ka ƙi shiga zangon farko na tikiti, kamfani na soke sauran zangunan har da na dawowa. Masu fasfon Najeriya da Gana kuma suna da ƙarin ƙaya: ko canjin jirgi kawai za ka yi a Faris ko Farankfot ko Amsterdam, ba tare da ka leƙa waje ba, sai da bizar yada zango ta filin jirgi, in ba kana riƙe da bizar Shengen (ta haɗakar wasu ƙasashen Turai) ko ta Amurka ko Kanada ko Japan mai rai ba. Ni yanzu ba na danna biya sai na karanta haruffa ukun nan na kowane fili da babbar murya, kamar mai biya allo. Kuma ku yi hattara da ƙananan kamfanonin Turai masu tikitin araha. Abin da suke kira Faris sau da yawa Beauvais ne, kusan kilomita 85 daga gari, Farankfot ɗinsu kuma Hahn ne, sama da kilomita 100. Kafin ka biya kuɗin bas da na akwati, wanda ba ya cikin tikitin, arahar ta gudu.

Bizar Shengen ita ma mutane na ɗaukarta kamar mabuɗin Turai duka. Ƙasashe 29 ne a ciki, kuma babu Birtaniya babu Ayalan. Na san wanda yana Faris ya ga jirgin ƙasa na zuwa Landan cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, ya yanki tikiti don ya je ya ɗau hoto ya dawo. Ko jirgin bai taka ba. Da ma yana da bizar Birtaniya, in ta Shengen ɗinsa mai shiga sau ɗaya ce, fitar nan ta kashe ta. A jikin bizar akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin da aka yarda ka zauna, abu biyu ne daban. Biza na iya yin wata guda da rai amma kwana 15 aka ba ka. Ofishin jakadancin da za ka nema kuwa shi ne na ƙasar da za ka fi daɗewa, ba wanda ejan ya ce "sun fi sauƙin bayarwa" ba. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, don haka ban ga dalilin jira sai saura mako uku ba. Kuɗin biza yuro 90 ne tun 2024, kuma in an hana ba a mayarwa. Inshorar lafiya ta kai ta yuro 30,000. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitarka, Tailan da Maleshiya da Indonesiya da Singafo kuwa wata shida suke nema. Sai maganar da ba a so: aron kuɗi a antaya a asusu saura mako guda a buga takardar banki. Wanda ke duba takardun nan aikinsa ke nan safe da yamma. Asusun da ya yi wata biyar yana numfashi da ƙyar, rana ɗaya ya wayi gari da miliyoyi, kai ma in aka miƙo maka za ka yarda?

Kuskurena na biyu bai sa an juyo da ni ba, amma ya fi na farkon ban haushi, domin na kashe kuɗin kuma ban ga komai ba. Kwana 11, birni shida: Faris, Burasel, Amsterdam, Munik, Milan, Roma. A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai. A ƙasa kuwa, kowace safiya ta biyu sai haɗa kaya, a bar otal kafin ƙarfe 11, a ja akwati a kan titin duwatsu yana ƙara kamar injin niƙa, a isa sabon gari a tarar ɗaki ba zai samu ba sai biyu ko uku na rana. Rabin hutun a tasha na yi shi. Ranar da na ware wa gidan tarihi na Louvre ta faɗo Talata, ranar da suke rufewa, na tsaya gaban dalar gilashin nan na ɗau hoto na juya. A Roma ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na kwanta ina kallon silin, hayaniyar gari na shigowa ta taga. Da na dawo yayata ta ce, "To, ba mu labari." Wallahi sai da na buɗe waya kafin in tuna wane coci ne a wane gari.

Ku yi haƙuri in faɗa muku gaskiya: da yawanmu ba yawo muke zuwa ba, tara hoton da za a sa a WhatsApp muke. A ce wane ya taka ƙasa shida. To ka taka, me ka gani? Wa ka zauna ka sha shayi da shi? Kuɗin jirgin ƙasa da ka zuba tsakanin garuruwan nan da ya ishe ka ƙarin kwana huɗu a wuri guda. Ni dokata yanzu, ba na kwana ƙasa da uku a gari, kuma cikin kowane mako akwai rana guda da ba na tsara mata komai. Wasu abokan tafiyata na cewa ɓarnar biza ce, su ta shafa. A irin ranar ce na shiga jirgin ruwan haya daga Eminönü zuwa Üsküdar, bayan na samu zuwa Istanbul da bizata a hannu, na zauna a harabar wani masallaci daga la'asar har magariba, kuma ita na fi tunawa a duk tafiyar. Kafin ka sa wa wuri rana, duba ranar hutunsa: Taj Mahal ba ya buɗewa Juma'a, fadar Topkapi Talata, babbar kasuwar Istanbul mai rufi Lahadi, kantunan Jamus ma Lahadi a garƙame suke. Fadar Alhambra ta Granada a Sifaniya kuma tikitinta na ƙarewa tun da sauran makonni, kuma shiga fadar ciki da sa'arta, in ka makara shi ke nan.

Sai kilishi. Hajiyarmu ce ta sa aka yi mini na musamman, ta naɗe a takarda ta zura a leda biyu, ta ce abincin Turawa ba ya riƙe ciki. A wani filin jirgi na Turai muna jiran kaya, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya shinshina akwatina, ya zauna ɗaram a gefensa yana kallon mai shi. Jami'in kwastam ya sa safar hannu, ya warware takardar, ƙamshin tunkuza da citta ya cika wurin, ya ɗaga falle guda ya duba ta haske kamar mai duba jabun kuɗi, sannan ya jefa duka a wani bokiti mai murfi. Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su daga waje ba, don haka dambun nama da man shanu duk hukuncinsu ɗaya. Japan ma haka take kan nama, kuma tararsu ba ta wasa ba ce. Yaji da garin kuka dai ban taɓa samun matsala da su ba, amma in an tambaya ina faɗa.

Saƙo kuwa, ko na wane ne, in ban buɗe na gani da idona ba, ba na ɗauka. A kira ni marar zumunci. Singafo da Indonesiya hukuncin kisa suke yankewa kan safarar ƙwaya, kuma "ba nawa ba ne, ba ni aka yi" ba ya fid da kowa. Maganinka ma ka bar shi a kwalinsa tare da takardar likita, musamman mai tiramadol ko kodin a ciki, ko da Dubai kawai za ka bi.

Katin rigakafin shawara: Indiya da Tailan da Maleshiya da Singafo na nemansa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Indiya na iya killace marar shi har kwana shida.

Kada ka auna yanayin can da na gida. Yuli a Mumbai tsakiyar damina ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Makon farko na Oktoba duk ƙasar Sin hutu take, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu kuma Japan, otal da jirgin ƙasa sai wane da wane. Disamba a Landan rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba na bin juna a guje, a Yuni kuma sai bayan tara ake magariba. Rigar sanyin da ka saya don hunturun Kano ba za ta yi maka komai a Jamus ba, sayi ta can.

Abinci: "ba naman alade" bai wadatar ba. Romon taliyar nan ta Japan da ake kira tonkotsu ƙashin alade ne, Italiya kuma akwai burodin da ake yi da kitsensa. A Maleshiya nemi tambarin halal na hukumar JAKIM ka ci hankali kwance. Banɗakin Turai babu famfon tsarki, ni gorar roba nake sawa a jakar hannu, ita ce butata.

Katin banki a gwada shi kafin a bar gida, kuma kada a dogara da guda. In na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi na ƙasar da kake ciki, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Tsabar kuɗin da ta kai yuro 10,000 dole a bayyana ta a kwastam in za a shiga ko a fita Tarayyar Turai. A Sin Google da WhatsApp da Facebook ba sa aiki a layin ƙasar, biyan kuɗi kuma kusan duk da Alipay ko WeChat ne, a shirya su tun kafin a tashi. Tikitin takarda na jirgin ƙasa a Balin ko na ƙananan jiragen ƙasa a Italiya sai an buga masa hatimi a 'yar na'urar da ke tasha, in ba haka ba kamar ba ka saya ba ne, a Jamus tarar yuro 60. Cazar Najeriya mai ƙafa uku na shiga soket a Landan da Kuala Lumpur, amma ba ta shiga a Faris. Waya a aljihun baya a Barsalona kuwa sadaka ce. Fasfo na ciki, jikin fata, hotonsa kuma na cikin imel.

Na ƙarshe tsaraba. Yawancin kamfanoni kilo 23 ne akwati guda, kuma turaren da ya wuce mililita 100 a jakar hannu a yawancin filaye ƙwacewa ake yi. Na taɓa durƙusawa gaban layi a Bankok ina fid da atamfar siliki da takalman yara ina cusawa a leda, mutane na tsallake ni. Tun daga ranar nake tafiya da ɗan sikelin hannu, kuma ina barin rabin akwati babu komai tun daga gida. In ka yi sayayya mai nauyi a Turai, karɓi takardar mayar da haraji a kantin, a buga mata hatimin kwastam a filin jirgin da za ka bar Tarayyar Turai daga shi, kafin ka miƙa akwatin, domin suna iya cewa a nuna musu kayan.