Yadda Za a Raba Gardama Kan Littafin Almara Mai Sa Baƙin Ciki

Idan gardama ta kaure tsakanin masu karatu a Gusau kan ko wani juzu'i na dogon labarin almara, irin mai bokaye da dodanni da sarakunan aljanu, yana kashe zuciya, mai jagorantar zaman ya fara da tambayar kowa inda ya tsaya a karatu. Wanda ya sauke jerin gaba ɗaya ya san abin da wanda ke juzu'i na biyu bai sani ba, don haka a gargaɗe shi kada ya tona ƙarshen labarin.

Daga nan sai a duba matsayin juzu'in a cikin jerin, domin marubuta sukan tara mafi tsananin wahala a tsakiya. Juzu'i na biyu na shahararren labarin Tolkien, marubucin Ingila, wato The Lord of the Rings, ya fito a 1954 kuma ya ƙare da jarumin a hannun maƙiya, sai da masu karatu suka jira kusan shekara guda kafin na uku ya fito a 1955. Wanda ya yanke hukunci a wannan gaɓar bai yi wa labarin adalci ba.

Babban aikin shi ne a bambance ban tausayi da yanke ƙauna. Ƙirga waɗanda suka mutu ba ya nuna komai, a ganina, tun da labarin yaƙi ba ya rasa gawa. Abin dubawa shi ne ko ƙoƙarin mutanen labarin yana canza wani abu, ko akwai wanda ya riƙe amana lokacin da cin amana ya fi sauƙi, ko marubucin ya bar wa raha da zumunci wuri komai ƙanƙantarsa. Idan duk wani alheri ana saka shi da sharri shafi bayan shafi, kuma babu hukunci ga azzalumi, masu cewa yana kashe zuciya suna da hujja. A buƙaci kowane ɓangare ya kawo babin da ya dogara da shi.

A kuma yi la'akari da halin mai karatun. Babin da mahara suka ƙona ƙauye nishaɗi ne ga wani, amma wanda danginsa suka baro Zurmi ko Maru saboda 'yan bindiga zai ji shi a jikinsa, kuma bai kamata a ce masa rago ba. Irin wannan a sanar da shi babin tun kafin a ba shi aron littafin, ya zaɓi ya karanta ko ya tsallake.