Yadda zaka bi salsalar kalmar "inferior" har ka daina fassara ta da zagi

Wani ƙanina da ke karatun aikin jinya ne ya sa na zauna rubuta wannan, ya zo min da littafinsa yana dariya wai yaya, Turawa har jijiya suke zagi, ga wata nan sun sa mata suna inferior vena cava, wato jijiya mara inganci kenan? Nace masa a'a malam, ita ce babbar jijiyar da ke kwaso jini daga ƙafafu da ciki ta mayar da shi zuciya, in ta samu matsala kai ma ka samu. An ce mata inferior ne kawai don ta ƙasa ce, akwai 'yar uwarta superior da ke kawo na kai da hannaye. Toh ga yadda nake bi in kalma ta rikita ni, kuma da wannan kalmar zan nuna maka.

Abu na farko, ka buɗe ƙamus na gaske, Oxford ko Merriam-Webster, duk suna nan a waya, amma kar ka tsaya a ma'anar farko kamar yadda muka saba. Ka gangara can ƙasa inda ake rubuta asalin kalma. A wasu ƙamusan zaka ga gajerun haruffa, L na nufin Latin, OF tsohon Faransanci, ME Turancin tsakiyar zamani, OE kuma tsohon Turanci. A wajen inferior Latin zaka gani, ta shigo Turanci a ƙarni na 15, kuma kusan yadda Romawa suke rubuta ta haka Turawan Ingila suka ɗauke ta.

Daga nan sai ka feɗe kalmar. Gindinta shi ne inferus, ma'ana na ƙasa, abin da ke can ƙasa. Wutsiyar nan -ior ita ce ta kwatance a Latin, irin yadda mu zamu ce wannan ya fi wancan. Kaga inferior kenan "wanda ya fi zama ƙasa", magana ce ta wuri, babu raini a ciki tun farko. In ka riƙe wannan wutsiya ka samu garaɓasa, don ita ce a superior da senior da junior da prior da exterior, kuma ita ce dalilin da ya sa ba a cewa more inferior, kwatancen ya riga ya shige cikin kalmar, kamar kace "ya fi fin" ne. Sannan duk dangin nan "to" suke ɗauka ba "than" ba, inferior to, senior to. Wallahi ko wannan kaɗai ka tsira da shi ya ishe ka, masu jarrabawar WAEC da JAMB suna son wannan tarkon, kuma manya da digirinsu suna faɗawa ciki a takardun ofis.

Mataki na gaba shi na fi jin daɗi, ka duba yadda masu kalmar na asali suka yi amfani da ita. Romawa suna da larduna biyu a bakin kogin Rhine, Germania Superior da Germania Inferior. In ka kalli taswira Inferior ɗin ce a arewa, a saman takarda, hedkwatarta birnin da yanzu ake kira Kolon a Jamus. To me ya sa ta zama ta ƙasa? Saboda ruwa, ita ce ta gangare inda kogin ke dosar teku. Haka Biritaniya ma da suka raba ta biyu a farkon ƙarni na 3, ɓangaren arewa mai hedkwata a York shi ne Britannia Inferior, na Landan kuma Superior. Ba wanda yace mutanen York ƙasƙantattu ne. Irin lissafin ruwan nan ne ya sa kudancin Masar ake ce masa Masar ta sama tunda Nilu daga kudu yake gangarowa, kuma Burkina Faso kafin 1984 sunanta Volta ta Sama saboda kogin Volta. Har tafkin Superior da ke tsakanin Amurka da Kanada, Faransawa ne suka sa masa sunan da nufin tafkin sama, duk da dai shi ya yi sa'a ya fi sauran manyan tafkunan yankin girma, sai sunan ya zauna masa ta ko'ina.

Sai ka nemo dangin kalmar, nan ne abin ke zama a kai ba sai kayi hadda ba. Infra ma daga gida ɗaya suke, ma'anarta ƙarƙashi. Ita ce a infrastructure da gwamnoni ke ta faɗa a rediyo, wato ginin da ke ƙasa wanda komai ke zaune a kansa, titi da wuta da ruwa. Ita ce a infrared, hasken da ke ƙasa da ja a jerin launuka wanda ido baya gani, masanin taurari William Herschel ya gano shi a 1800, shi rimot ɗin talabijin ɗinka ke harbawa. Romawa kuma matattu da allolinsu na ƙarƙashin ƙasa inferi suke ce musu, mutanen ƙasa, daga wannan gidan aka samu infernal da inferno, shi yasa in kasuwa ta kama da wuta zaka ga jaridun Turanci sun rubuta inferno. Masana harsuna ma sun nuna cewa under ta Turanci da inferus kakansu ɗaya can da nisa, ɗaya ta biyo ta harsunan Jamusawa ɗaya ta biyo ta Latin suka sake haɗuwa a Ingila kamar 'yan uwan da suka ɓace wa juna.

Amma kayi hattara, kama da wane bata wane. Infer da inference ba danginta bane ko kaɗan, su daga in ne da ferre, ɗauko abu a shigo da shi. Kar kaga haruffa sun yi kama ka yanke hukunci, koma ƙamus.

Yanzu fassara. Kafin ka juya ta zuwa Hausa tambayi kanka, a wane fanni na tsince ta? In likitanci ne, ta ƙasa. In ilimin taurari ne, inferior planets su biyu ne, Makyuri da Zara matar wata, don hanyarsu ta fi ta duniyarmu kusa da rana. In shari'a ce, ƙananan kotuna, a Najeriya kotun majistare da kotun shari'a ta matakin farko suna cikinsu, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a tsarin mulkin 1999 ya lissafa ta cikin manya, kuma alƙalin ƙaramar kotu in ya tura ka gidan yari zaka san ƙaramcin a suna ya tsaya. In tattalin arziki ne, inferior goods kayan da mutum ke rage saye ne in samunsa ya ƙaru, kamar garin kwaki ko kayan gwanjo, ba wai sun lalace ba. Sai in a kasuwa ne ake maganar kwaliti, nan kam mara inganci ne, ƙaramin kaya, amma ba jabu ba, jabu fake ne, kaya zai iya zama na kamfaninsa na gaske kuma ya zama mara aminci.

Ita kuma inferiority complex da ake yawan jifan juna da ita a Facebook, daga aikin Alfred Adler ta yaɗu, likita ɗan Ostiriya da ya rasu a 1937. Ni dai "jin ƙasƙanci" ko "raina kai" nake cewa, banda "ƙanƙan da kai" don wannan tawali'u ne, yabo ne a wajenmu. Kuma saurari ƙasƙancin nan da kyau, ƙasa ce kake ji a cikinsa, hanyar da Latin ta bi daga wuri zuwa daraja mu ma ita muka bi.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka rubuta my inferiors kana nufin waɗanda ke ƙarƙashinka a wajen aiki. Ƙamus zai ce maka daidai ne, amma a kunnen mai jin Turanci na yau kamar kace "waɗanda na fi daraja" ne. Kace junior staff, ko subordinates in takarda ce ta hukuma, ita ma Latin ce, sub ƙarƙashi, ordo kuma layi ko sahu, wato wanda ke sahun da ke ƙasa da naka.