Tsohuwar laftof ta isa sabar gida

'Yan uwa, kafin ku kashe kuɗi kan sabuwar na'ura, ku ɗauko tsohuwar laftof ku sa mata Alpine Linux, wani ƙaramin tsarin sarrafa kwamfuta, ta zama sabar gida, wato na'urar da ke ajiye fayiloli don sauran na'urorin gidan.

Ba tagogi, ba kwalliya, rubutu ne zalla. Ko RAM ɗinta giga 1 ne, za ta riƙe fayiloli da hotunan iyali ba nishi. Ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, za ku riƙa shiga, ko daga waya.

In an ɗauke wuta kuma, batirinta ya tsaya muku, kun huta da sayen UPS, na'urar da ke riƙe wuta. Amma wanda ya kumbura, ku cire shi.

Inda yake gardama: Alpine da musl yake aiki, ba glibc ba (tushen da yawancin manhajojin Linux ke dogara a kai), don haka wasu manhajoji sukan ƙi tashi. In hakan ta faru, ku koma Debian, wani nau'in Linux ɗin, ku tsallake GNOME, ɓangaren tagogi da kwalliya, wajen girkawa.